Darasin Wannan Wata: Ƙafafun Tsohuwar Mota, Taushi da Riƙon Hanya

 Darasinmu na wannan wata ya bar gona ya hau hanya. Gundumomi da yawa na ekklesiya, da ƙungiyoyin manoma da muke aiki tare da su, suna da tsohuwar mota guda ɗaya wadda ita ce kome nasu. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke ɗauko taki da iri, ita ke kai ƙwai kasuwa, ita ce kuma ke kai pasto jana'iza a ƙauyen da ba ya shiguwa da damina. Idan kuɗin gyara ya samu, galibi inji ake fara tunawa, sa'an nan fenti. Ƙafafun motar kuwa, watau sifirin, da shakazoba, da robobi, da tayoyi, sai sun fara kuka kafin a waiwaye su.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wata gardama da aka yi a kwamitinmu. Muna da tsohuwar Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo. Aka tara kuɗi daga baikon kaka domin a gyara ta. Saurayin da ke tuƙa mana ita, yaro ne mai hankali, ya zo da shawararsa. Ya ce wa shugaban kwamiti, “Baba, motar nan tana rawa a kwana kamar kwalekwale. A rage mata tsawo, a sa mata sifirin mai ƙarfi da manyan wili irin na zamani, za ku ga yadda za ta kama hanya.” Dattijon ya ce, “Ɗana, ƙuguna ya riga ya gaji. Ni motar da zan zauna a ciki kamar a kan katifa nake so.” Aka juyo wurinmu aka ce, “Malam, ku me kuka gani?” Muka roƙi a ba mu mako biyu mu yi bincike. Abin da muka samo shi ne muke so mu raba da ku, gama mun tabbata wannan gardama ba a wurinmu kaɗai ake yinta ba.

AIKIN KOWANE ƊAYA

Ku dubi mace mai ɗauke da tulun ruwa daga rafi. Hanya tana da duwatsu da kwari, amma tulun yana tafiya sumul, ruwa ba ya zuba. Gwiwoyinta ne suke lanƙwashewa suna shanye gargadar. Aikin ƙafafun mota ke nan. Suna da aiki iri biyu a lokaci ɗaya: su hana jijjiga isa ga mutane da kaya, su kuma danne taya a ƙasa kullum. Na biyun ya fi muhimmanci, ko da yake na farkon ne jiki yake ji. Wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Birki da sitiyari duka ta wannan ɗan wuri suke aiki. Tayar da ta yi tsalle ta bar ƙasa, a wannan ƙiftawar ido ba ta da birki, ba ta kuma jin sitiyari.

Sifirin shi ne mai ɗaukar nauyin mota. Akwai mai naɗi, wanda aka murɗa ƙarfensa kamar gammo a kan gammo, akwai kuma na falle-falle da muke gani a bayan a-kori-kura da manyan motoci. Amma sifirin yana da hali guda: in an danne shi an sake, ba ya tsayawa nan da nan, sai ya yi ta sama da ƙasa. Shakazoba ita ce mai tsawata masa. Ku ɗauka famfon keke ne aka cika shi da mai, aka huda ƙananan ramuka a jikin abin da ke turawa a ciki. Duk lokacin da ƙafar mota ta motsa, sai an tilasta wa man ya bi ta waɗannan ramuka, wannan wahala ce take kashe rawar. Ƙarfin rawar yana komawa zafi. Ku riƙe wannan, za mu koma kansa.

Mutane da yawa suna tsammani shakazoba ce take ɗaga mota. In mota ta zauna a baya sai su sayi sabuwar shakazoba, su yi mamaki da ba ta tashi ba. Tsayin mota aikin sifirin ne. Rawa da lilo kuwa laifin shakazoba ne. Wanda ya rarrabe waɗannan biyu ya tsirar da rabin kuɗin ekklesiya.

Sauran su ne robobin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, waɗanda makanikai ke kira bushi, da gaɓoɓin sitiyari, da wata siririyar sanda da ta ratsa daga ƙafar hagu zuwa ta dama domin ta rage kwanciyar mota a kwana.

ABIN DA FIJO TA KOYA MANA

An fara fitar da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, aka ci gaba da haɗa 504 a can har wajen 2006, shekaru da yawa bayan an daina yin salun ɗinta a Faransa a 1983. Yanzu ba a yin sabuwa, sai waɗanda suka rage a hannun mutane. Abin da ya sa iyayenmu suka ƙaunace ta, ban da saukin gyaranta, shi ne ƙafafunta suna da doguwar tafiya. Ƙafar tana iya nutsewa cikin rami ta fito, tana iya hawa dutse ta sauka, jikin motar bai sani ba sosai. A gaba, sifirin da shakazoba a haɗe suke wuri ɗaya, tsarin da ake kira da sunan wani injiniya na Amurka, MacPherson. A baya kuwa sun bambanta. Waɗansu salun kowace ƙafa tana motsi ita kaɗai, waɗansu kuma ƙarfe ɗaya ya haɗa ƙafafun biyu. Wagon tana da sifirin mai naɗi har huɗu a baya saboda kaya, a-kori-kura kuwa na falle-falle gare ta. Saboda haka kada a ce wa mai shago “na Fijo” kawai. A faɗi irin motar, in da hali a tafi da tsohon ƙarfen a hannu a gwada.

Ga abin da muka gaya wa saurayinmu, ya yi shiru yana tunani. Akwai wata tseren motoci da ake yi a Afirka ta Gabas, ana kiranta Safari, a kan hanyoyin burji da taɓo da ƙura irin namu. Peugeot 404 ta ci wannan tsere a 1963, da 1966, da 1967, da 1968. A 1975 wani mutumin Suwidin mai suna Ove Andersson ya ci ta da 504. Masu shirya motoci domin irin wannan tsere ba sa saukar da su ƙasa. Suna barin su da tsayi, suna ƙarfafa shakazoba, suna rufe ƙarƙashin inji da farantin ƙarfe. Motar tseren da yaranmu suke gani a waya, wadda cikinta ya kusa shafar ƙasa, an yi ta ne domin fili mai santsi kamar daɓen ɗaki. A can, ƙafa mai tauri tana taimako. A kan gargada kuwa ƙafa mai tauri tsalle take yi daga tudu zuwa tudu, riƙon hanya ya ragu, ba ya ƙaruwa.

Amma saurayin yana da gaskiyarsa. Motarmu tana rawa a kwana ƙwarai. Dattijon ma bai lura ba cewa abin da yake kira taushi, rabinsa mutuwar shakazoba ce. Mu kanmu mun sha wannan darasi da tsada. Wata rana muna saukowa daga wani ƙauye da tiren ƙwai na Zumuntar Mata a kujerar baya, muka shiga kwana mai gargada da gudun da bai kai a kira shi gudu ba. Bayan motar ya fara tafiya gefe shi kaɗai, sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da kome ba. Allah ya kiyaye, muka tsaya a bakin gonar wani, ba wanda ya ji ciwo. Ƙwai kuwa ba a magana. Da muka kwance shakazobar baya, ɗaya babu ɗigon mai a cikinta, yaro ƙarami zai iya ja da turawa da yatsa biyu. Da mai naƙuda muka ɗauko a ranar, ko da babbar mota tana tahowa, da labarin ya zama dabam.

A FARA DA BINCIKE

Kada a sayi kome sai an duba. A ajiye mota a wuri mai daidai, babu kaya a ciki. A auna da tef daga tsakiyar wili zuwa bakin ƙarfen da ke bisa taya, hagu da dama. In bambancin ya wuce santimita 2, sifirin ɗaya ya gaji ko ya karye. Sa'an nan mutum mai nauyi ya danna kowace kusurwa da ƙarfi ya sake. Motar ta tashi ta zauna, shi ke nan. In ta yi lilo sau biyu ko uku, shakazobar wannan kusurwa ta tafi. Wannan gwaji yana kama wadda ta mutu sarai, amma wadda take kan hanyar mutuwa takan tsere masa.

Akwai gwajin da muka fi so. Mun ce shakazoba tana mai da rawa zafi. To, a yi tafiyar kilomita kaɗan a kan burji, a tsaya, a taɓa jikin kowace ɗaya da bayan hannu a hankali, ana kula da bututun hayaƙi da wurin birki gama suna ƙuna. Mai aiki za a ji ta da ɗumi. Wadda take da sanyi alhali 'yar'uwarta tana da ɗumi, zaman banza take yi. A duba mai kuma. Ɗan danshi da ƙura ta manne a kai ba kome ba ne, amma in mai yana gangarowa, ta gama. Taya ma tana ba da shaida: in ta ci wuri-wuri, tudu da kwari kewaye da ita, alama ce tana ta tsalle a hanya.

Bayan haka a ɗaga mota da jak, a tokare ta da abin da ba zai goce ba. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. A kama taya sama da ƙasa a girgiza, a kama hagu da dama a girgiza. Duk inda aka ji ƙwas-ƙwas, akwai boris ko gaɓa da ta ci. A sa ƙarfe a ɗan taɓa kowace roba a ga ko ta tsage ko ta rabu da mazauninta. A tsohuwar mota, yawancin yawon da sitiyari ke yi daga nan yake fitowa. Sabuwar shakazoba a kan matattun robobi kamar sabon sirdi ne a kan gurgun doki.

ZAƁEN SHAKAZOBA

A nan ne gardamar dattijo da saurayi take warwarewa, don haka za mu ɗan daɗe.

Iri uku ne za ku tarar. Ta farko mai mai zalla ce, bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya. Ita ce ta fi taushi, ta fi araha. Aibinta yana fitowa a doguwar gargada. Man yana zafi, yana kaɗuwa da iska har ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta da ƙarfin tsayar da kome. Shi ya sa direba zai ce motar tana lafiya da safe, amma bayan awa ɗaya a kan burji ta fara lilo. In ta huce sai ta dawo daidai.

Ta biyu ita ma bututu biyu ce, amma an matsa mata iskar gas ta naitirojin kaɗan a ciki domin ta danne man kada ya yi kumfa. Ana gane ta da sauƙi: in an tura sandarta ciki an sake, sai ta fito da kanta a hankali. Ta fi ta farko ɗan tauri, amma ba ta gajiya da wuri.

Ta uku bututu ɗaya ce, gas ɗinta mai ƙarfi ne ƙwarai, an raba shi da man. Wani Bafaranshe mai suna de Carbon ne ya ƙago wannan tsari a shekarun 1950, kamfanin Bilstein na Jamus kuma ya yi suna da shi. Ta fi duka saurin fitar da zafi, ta fi duka riƙon hanya. Amma tana da tsada, tana sa a ji ƙananan duwatsu a jiki, kuma tun da yake bututun ɗaya ne, in dutse ya lotsa shi sandar tana iya cijewa.

A ganinmu, ga motar ekklesiya da ke bin kwalta da burji duka, ta biyun ce ta dace. Tana ba saurayi abin da yake nema, watau mota mai tsayawa da ƙafafunta a kwana, wadda ba ta dungure da hanci in an taka birki. Ba ta kuma hana dattijo zamansa, gama sifirin ɗin bai canja ba. Wanda yake yawan doguwar tafiya da kaya a kan gargada, in aljihu ya yarda, ya sa ta ukun a baya. A guji waɗanda aka rubuta musu cewa na tsere ne.

A canja su biyu-biyu, na gaba tare, na baya tare, iri ɗaya. Sabuwa a hagu da tsohuwa a dama tana sa mota ta ja gefe ɗaya a lokacin da aka fi bukatar ta tsaya sak. Sunaye irin su KYB, da Monroe, da Sachs sanannu ne, amma inda suna ya yi kyau a nan masu jabu suke taruwa. A duba kwali, a duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen ko ta yi daidai da ta kwalin, a sayi kaya wurin wanda zai ba da rasit ya kuma karɓa in ba ta yi ba. Araha mai yawa ita kanta gargaɗi ce.

Mun sani yawancinmu kayan da aka kwance daga waɗansu motoci muke saye, a manyan kasuwanni irin su Panteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano, ko wurin mai shago na garinmu. Ba laifi ga ƙarfe kamar sifirin. Ga shakazoba kuwa caca ce, gama ba a ganin cikinta. In dole ne, a tsai da ita a miƙe, a ja a tura sau da yawa. A ji nauyi tun daga farko har ƙarshe ba tare da wani wuri da ta zarce fayau ba, kuma ja ya fi turawa wuya. Sandar ta kasance sumul, babu tsatsa, babu ƙarzuwa. Sabon fenti a jikin tsohuwar shakazoba ba ya gyara kome.

KADA A YANKE SIFIRIN

Hanyar da samari suke bi su saukar da mota ita ce a yanke zagaye ɗaya ko biyu na sifirin, ko a gasa shi da wutar walda har ya zauna. Muna roƙo kada kwamiti ya yarda da ko ɗaya. Ku ɗauki gora mai tsawo ku lanƙwasa, sa'an nan ku rage mata tsawo ku sake gwadawa. Gajeriyar ta fi tauri. Haka sifirin da aka yanke: ya gajarta, ya kuma taurara. Tafiyar ƙafa ta ragu, rami kaɗan sai ƙarfe ya bugi ƙarfe, bugun ya tafi kai tsaye cikin jikin tsohuwar motar da tsatsa ta riga ta ci. Yankakken bakin ba ya zama daidai a mazauninsa, yana iya ficewa. Wanda aka gasa kuwa ƙarfinsa ya lalace, ranar karyewarsa kawai ake jira. Ban da wannan duka, kaskon man inji ya matso kusa da duwatsun hanya.

In sifirin ya gaji, a sa irin nasa na asali. In motar kullum da kaya take, a nemi mai ɗan ƙarfi kaɗan domin baya kawai, a sani kuma ranar da babu kaya bayan zai yi tauri. Haka nan masu ƙara falle a a-kori-kura. Falle ɗaya yana iya taimako, uku kuwa sun mai da ita amalanke. Ƙarin sifirin ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya ƙara wa taya ko boris. Yawancin ƙananan motoci an yi su domin kilo 400 zuwa 500 ne, har da mutanen ciki. Manya biyar sun kai wajen kilo 350. Ku ɗora buhun masara biyu na kilo 100 a but, ku yi lissafin da kanku.

Gargaɗi ga masu son gyara da hannunsu: sifirin na gaba a matse yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Akwai abin matse shi na musamman. In makaniki ya ɗauko igiya ko waya zai ɗaure, ku ɗauke motarku.

TAYA DA WILI

Taya ita ce sifirin na fari, iskar cikinta ce take fara haɗuwa da dutse. Ku karanta rubutun gefenta. In an rubuta 185/70 R14, faɗinta milimita 185 ne, tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari na faɗin, watau wajen milimita 130, wilin kuma inci 14. Wadda saurayinmu yake sha'awa, 205/50 R16, tsayinta duka kusan ɗaya ne da waccan, amma gefenta bai wuce milimita 103 ba. An rasa fiye da inci guda na matashin iska. A kan kwalta mai kyau sitiyari zai fi saurin amsawa, wannan gaskiya ne. A bakin rami kuwa tayar takan matse tsakanin wili da kwalta ta yi ƙulu ko ta fashe, wilin ya lanƙwashe ko ya tsage. Wilin ƙarfe na asali in ya lotsa ana buga shi ya miƙe a kowane gari. Mu dai mun tsaya a kan girman da masu motar suka sa.

Akwai waɗansu lambobi biyu da ya kamata ma'ajin kwamiti ya sani kafin ya biya. Lambar da ke bin girman, misali 88, tana faɗin nauyin da tayar za ta ɗauka: 88 kilo 560 ne, 91 kuwa kilo 615. Sa'an nan a ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu. In an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta tsufan. Tayar da ta wuce shekara shida a riƙa dubanta da kyau ko ta fara tsattsagewa, wadda ta kai goma a rabu da ita ko zanenta yana nan.

Iska kuwa, sau da yawa mun tarar da motar da ake kuka da taurinta, ashe mai faci ne ya cika ta kamar ta babbar mota. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 28 da 35 suke so a gejin mai faci. Ainihin adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Geji na aljihu ba shi da tsada, kwamiti ya saya ya ajiye a motar. Wannan ne gyaran da ya fi kowane araha, shi ne kuma aka fi mantawa.

ROBOBI DA SANDAR KWANA

A sa robobi na ainihi in ana samu. Waɗanda ake yankawa daga tsohuwar taya suna fid da mutum daga daji, amma ba sa daɗewa, ba sa kuma riƙe ƙafa daidai. Akwai waɗansu masu launi, ja ko rawaya, na wata roba mai tauri da ake kira foliyuretan. Suna sa sitiyari ya tsaya cak, amma suna shigo da ƙara da jijjiga, suna son giris, ƙura kuwa tana bin giris. In za a sa su, a sa a sandar kwana kaɗai. A tuna wa makaniki ya ƙarasa ɗaure kusoshin robobi bayan an sauke mota ta tsaya a kan tayoyinta. In ya ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta yi rabin kwananta ba.

Ita sandar kwana, da muka leƙa ƙarƙashin tamu sai muka tarar an kwance gefe ɗaya an ɗaure da waya, ba wanda ya san tun yaushe. Wani ya ji tana ƙara, ya huta da ita. Rabin kwanciyar da saurayin yake kuka da ita daga nan take. Kyawun wannan sanda shi ne tana aiki sosai a kwana, amma in ƙafafu biyu sun hau tudu tare ba ta ƙara tauri. A mayar da ita yadda take. Kada a sa mai kauri fiye da ta asali a baya, gama tana sa bayan mota saurin zamewa.

Bayan an gama kome, a kai mota a saita ƙafafunta a wurin masu na'urar awo. In an tsallake wannan, sababbin tayoyi za su cinye ta gefe ɗaya kafin kaka ta zagayo.

YADDA MUKA ƘARE

Kuɗinmu bai isa duka ba, sai muka jera bisa ga abin da ya fi hatsari: tayoyi biyu da suka tsufa, gaɓoɓin sitiyari da robobi, shakazoba huɗu masu gas kaɗan, saitin ƙafa. Sifirin ɗinmu da muka auna yana nan daidai, muka bar shi. Fenti ya jira baɗi. Ranar da aka ɗauko motar, saurayin ya tuƙa, dattijon yana gefensa, muka bi ta kwanar nan da ta cinye mana ƙwai. Dattijon ya ce yana jin ƙananan duwatsu fiye da dā, amma kansa bai juya ba kamar yadda ya saba. Saurayin ya ce, “Baba, yanzu inda na nuna mata nan take bi.” Ya so ya ƙara wuta, muka tuna masa cewa in gudu ya ninka biyu, nisan da birki yake bukata yana ninka huɗu, sabuwar shakazoba kuwa ba ta canja wannan lissafi.

Kafin taronku na wata mai zuwa, muna roƙon kowane kwamiti ya ware safiyar Asabar ɗaya. Ku tafi da direba, da ma'aji, da tef, da littafin rubutu. Ku auna tsayin kusurwa huɗu, ku yi gwajin danna da na ɗumi, ku rubuta shekarar kowace taya har da ta ajiya, ku auna iskarsu. Ku tambayi direban a gaban kowa ko akwai kwanar da yake jin tsoronta, ku kuma tambayi matan da suka taɓa raka mara lafiya a kujerar baya abin da suka ji. Ku kawo abin da kuka rubuta wurin ma'aikacin raya karkara na gundumarku in ya zo zagaye, za mu zauna tare mu duba abin da za a fara saye.